Gyaran janareta ba shi ne rubuta gwaji ba

Wannan yayin ya fara isata, jama'a. Mutum zai buɗe sabon aiki a Rails, kafin ya rubuta layi ɗaya da zai amfani mai aikin, sai ya duƙufa gyaran janareta, wato abin da ke ƙirƙiro masa fayilolin farko. Ya shiga config/application.rb ya ce Minitest ba ajinsa ba ne, a ba shi RSpec. Ya kori fixtures, ya kawo FactoryBot. Daga nan ya buɗe lib/templates ya hau yi wa samfuran gwaji ado: nan a sa describe, can a sa context, a bar layi fanko a tsakani don idonsa ya fi son haka.

Madalla. Yanzu buɗe fayil ɗin da janaretan ya fitar ka duba. Kanun magana ne jere reras, ƙarƙashinsu babu komai. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Kun san abin da Rails ke bayarwa tun asali. Ka buga rails generate model, ya miƙo maka fayil mai gwaji guda ɗaya tak, wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa gaskiya gaskiya ce, shi ɗin ma an toshe shi da alamar # don kada ya gudana. A gefe ga bayanan gwaji guda biyu, one da two, kowane suna MyString, kowane dogon rubutu MyText. RSpec ya ɗan fi kunya: yana saka pending, ya ce ka rubuta misalai ko ka goge fayil ɗin, kuma duk lokacin da ka gudanar da gwaji sai ya tsokane maka ido da launin rawaya. To ga abin da ya fi ba ni haushi. Wasu gyaran farko da suke yi shi ne cire wannan pending ɗin, wai rawayan yana ɓata musu allo. Tunatarwa ɗaya da injin ke yi musu, ita suka fara yankewa. Allo ya koma kore shar, kowa ya tafi gida da murna, alhali ba a gwada ko harafi ba.

Kuma ciwon ya yaɗu. Tun da Laravel 7 ta zo da php artisan stub:publish a 2020, 'yan PHP ma sun samu damar gyara nasu samfuran, sun samu abin wasa. Ana ta musu tsakanin Pest da PHPUnit kamar musun 'yan ƙwallo, fayilolin kuwa fanko a ɓangarorin biyu.

Ga wata matsalar da ba a faɗa. Ranar da ka kwafi samfuri ka ajiye a lib/templates, ya zama ɗanka, kai za ka yi renonsa. Rails za ta ci gaba, ta sauya yadda take rubuta gwaji, naka yana nan inda ka bar shi. Bayan shekara biyu sabon ma'aikaci ya buga janareta, ya samu fayil mai tsohon salo, wanda ya tsara shi kuma tuni ya bar aikin. David Heinemeier Hansson ya saki Rails a 2004 da aƙidar cewa a bi tsarin da aka shimfiɗa, a daina ɓata lokaci kan zaɓe-zaɓe. Mu kuma mun mayar da zaɓe-zaɓen sana'a.

Na yarda, idan ku goma ne a kan manhaja ɗaya, samfuri guda yana rage gardama wajen duba aikin juna. Shi ke nan, na ba ku wannan.

Amma in dai za a taɓa janareta, a taɓa shi don ya takura mana. Saka flunk a cikin samfurin, yadda kowane sabon fayil zai fito da ja, ya ƙi wucewa sai an rubuta gwajin gaske. Saka tambayoyin da kullum ake mantawa: idan aka bar wannan gurbin fanko fa? Idan wanda bai shiga da sunansa ba ya nemi shafin nan fa? Idan aka turo adadin kuɗi ƙasa da sifiri fa? Gyaran minti goma ne, ba shi da kyan gani, ba kuma wanda zai tafa maka. Sai dai shi ne zai hana a kira ka da tsakar dare.

Ni dai ƙa'idata mai sauƙi ce: gwajin da bai taɓa yin ja ba, ban san abin da yake gadi ba. Ko a cika shi, ko a goge shi. Describe ɗinku kuma, Allah Ya bar ku da shi.