Kwana biyu a Zariya kan sawun Abubakar Imam

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kawo rubutunsa a zamanmu na ranar Asabar ya san maganar da ake kashe bakin mutum da ita: «wannan ai ba Hausar Magana Jari Ce ba ce». An faɗa mini, ni ma na faɗa ma wasu. Da na ɗauki Abubakar Imam a matsayin batun memuwar ɗina, sai na ga bai dace in yi ta rubutu kan mutum ba alhali ban taɓa taka garin da ya yi aikinsa ba. Na tattara ƴan jikkunana, na canza su naira a Maraɗi, ranar Juma'a da sassafe na bi ta Ɗan Isa da Jibiya, na sake mota a Katsina, muka ratsa Funtuwa, kafin magariba ina Zariya.

Wani abokin yayana ya sauke ni ɗakinsu a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. Ina ba su labarin hanya na ce «da munka taho», sai ɗaki ya ɗauki dariya. Ɗaya ya ce: «Malam, ka zo binciken Imam, Hausarsa ma ba ka iya ba?» Wasa yake, amma wallahi ta zauna mini, don ni ma haka na ɗauka tun ina lakwal: Hausa ta gaskiya tana cikin littafin, tamu ta Gobir ta zaman gida ce.

Da safe muka tafi Tudun Wada, inda ginin Gaskiya yake. Gini ne kawai, amma tsayuwa gabansa ta sa na jera abubuwan da na sani a warwatse. An haifi Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da boko, Ruwan Bagaja ya fito daga cikinta, tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya East ya jawo Imam Zariya ya rubuta Magana Jari Ce don makarantu, aka fara buga shi a 1937. A 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ke nan Hausar da muke auna kanmu da ita tana da ofis, tana da mai gyara, tana da ƙa'idar da aka zauna aka tsayar bisa karin Kano, don Turawa na bukatar abin karantarwa da boko. Ba daga sama ta faɗo ba.

Da rana mai masaukina ya aro mini tatsuniyoyin Grimm na Jamus, ya ce in karanta labarin wata kuku mai suna Gretel, sannan in buɗe Kalala da Kalalatu. Kai, ƙashin labarin ɗaya ne: an soya kaji don baƙo, mai girki ta cinye, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa, ta ce ma maigida baƙo ya gudu da kajin, aka bi shi a guje da wuƙa a hannu. Haka Labarin Sarkin Busa, mai busar garin Hamelin ne da ya kwashe ɓeraye aka hana shi ladansa. Akun kansa daga Indiya ya taso: can yana ba wata mata labarai kowane dare don kada ta fita wajen kwartonta. Masu nazari sun daɗe da gano waɗannan, har da abin da ya ciro daga Alfu Laila. Ni ne dai ban taɓa sa su gefe da gefe ba.

Da farko raina ya ɓaci, kamar an ce mini tuwon kakata na saye ne. Da na sake karantawa da dare sai na ga a nan gwanintar take. Imam ya mai da matar nan ta Indiya ɗan sarki, Musa, wanda ke son bin sawun ubansa zuwa yaƙi, ga Waziri na ƙulla masa makirci. Da wannan canji guda labarin ya koma na fada da amana da cin amana, abin da kowane Bahaushe ya sani. Ya canza sunaye, ya sa gaisuwa inda Bahaushe zai gaisa, ya sa karin magana a bakin wanda ta dace da shi, har mutum ya rantse a ƙofar gidansu abin ya faru.

Amma gyaran nasa yana da gefen da ya karkata. A wajen Grimm baiwar Allah ƴar aiki ce ta yi ma ubangidanta wayo, mai karatu kuma yana bayanta. A wajen Imam ta koma matar aure mai kwaɗayi. Duniyar littafin daga zauren sarki ake kallonta, talaka sau da yawa abin dariya ne, sarki kuwa in ya yi kuskure mugun bafade ne ya ja shi. Littafin da aka rubuta ma makarantun En'e ƙarƙashin Turawa, ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki mu ne da ke karanta shi yau ba mu tambaya.

Me ya sa wannan ya dame mu a Nijar? Faransa ba ta koyar da Hausa a lakwal ba, sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, don haka mun daɗe muna cin littattafan Zariya. Yanzu da dokar 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, dole a tambaya wace Hausa za a rubuta, wa kuma zai rubuta ta. Ban ce a yar da daidaitacciyar Hausa ba, da ita nake wannan rubutu, ita ke sa ɗan Tawa da ɗan Kano su karanta takarda guda. Amma in tsohuwa ƴar Tibiri ta buɗe baki cikin labarinka, bar ta ta ce «munka» da «shina» da «hwarin wata». In direba a tashar Maraɗi ya ce «kamiyo», kada ka sa mishi «babbar mota» a baki don tsoron Imam. Shi bai ji tsoron Grimm ba.

Ran Lahadi na kamo hanya da fotokopin labaran biyu cikin jaka. Zan kawo su zama mai zuwa. Shawarata kowa ya zaɓi labari guda na waje, ko na La Fontaine da aka sa mu hardacewa, ya zaunar da shi a garinsu da bakin mutanen garinsu, mu karanta mu ga wanda ya zauna da wanda bai zauna ba.