Gwaninta Ko Gwalli? Nazari A Kan Zanen Goltzius

Bayan mutuwar mai zane Rafayel a 1520, wani salo ya ɓullo a Italiya wanda masana ke kira Manarizim. Masu wannan salo sukan tsawaita gaɓoɓin mutum, su murɗa jikinsa, su cika shi da ado. Daga can salon ya haura arewacin Turai, inda ya sami gwani a garin Harlem na ƙasar Holan, wato Hendrick Goltzius (1558-1617). Sana'arsa ita ce ƙarzar hoto a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a buga a takarda. Layinsa kan fara siriri, ya yi kauri, ya sake sirancewa, har tsoka ta fito kamar a taɓa.

To, abin tambaya a nan shi ne, yaushe gwaninta ke taimakon labari, yaushe kuma take danne shi?

Mu ɗauki Ikarus, cikin hotuna huɗu da ya buga a 1588 bisa zanen Cornelis van Haarlem. A tatsuniyar Girkawa, Ikarus ya ƙi jin gargaɗin mahaifinsa, ya matsa kusa da rana, kakin da ya riƙe fukafukansa ya narke. A hoton muna ganinsa yana rikitowa, ƙafafu a watse, babu abin kamawa. A nan murɗewar jiki tana da dalili, domin ita ce faɗuwar kanta.

Amma a 1589 ya fitar da babban hoton Harkulis, jarumin Girkawa, ya jibga masa tsoka ƙulu-ƙulu tun daga wuya har sawu. Mutanen Holan ma sun laƙaba masa sunan da ke nufin mutum mai jikin dankali. A ganinmu, jarumin ya ɓace, sai mai zane kaɗai ke nuna mana iyawarsa. Wannan shi ne wuce gona da iri.

Da Goltzius ya je Italiya a 1590 ya ga gumakan dā da idonsa, sai hannunsa ya natsu.

Ya ku 'yan'uwa marubuta, mu ma muna da namu Harkulis ɗin: shafi guda, karin magana goma, labari kuwa yana tsaye cik. Kafin mu kai rubutu maɗaba'a, mu tambayi kowane ado aikin da yake yi. In ya rasa amsa, mu soke shi.