Takobin Turai da Takobin Jafan a Fagen Fito-na-Fito: Sharhi a Kan Wata Tsohuwar Gardama

Gabatarwa

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a littattafai da gidajen sinima, har ta iso bakin ɗalibanmu. Ana cewa, in aka sami gwanaye biyu masu ƙarfi ɗaya da ƙwarewa ɗaya, aka miƙa wa ɗaya takobin Jafan da ake kira katana, aka miƙa wa ɗayan dogon takobin Turai, wa zai kwanta? Amsar da aka fi ji ita ce mai katana ne zai tashi da rai, wai don takobinsa ya fi kaifi da sauƙin ɗauka, na Turai kuwa gungumen ƙarfe ne kawai. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan amsa daga adabi ta fito, maƙera ba su san da ita ba. Bahaushe ya san bambancin kirari da awo, kuma abin da ya rikita wannan gardama shi ne an ɗauki kirari an ajiye shi a gurbin awo.

Tushen Gardamar a Adabi

Tun kafin Turawa su san katana sosai, marubutansu sun riga sun gina hoton takobin Gabas mai kaifi da na Yamma mai nauyi. A ƙagaggen labarin Walter Scott mai suna The Talisman, wanda ya fito a 1825, Sarki Richard na Ingila ya datse sandar ƙarfe da ƙaton takobinsa, shi kuwa Salahuddini ya raba matashin siliki da mayafi da lanƙwasasshen nasa, irin wanda Hausawa ke kira bisalami. Wannan hoto shi ne daga baya aka tuɓe wa Salahuddini aka sanya wa samurai.

Su ma Jafanawa sun ba da tasu gudummawa. A 1876 gwamnatin Meiji ta hana samurai yawo da takobi. Bayan shekara 24, a 1900, Nitobe Inazo ya fitar da littafinsa Bushido, wanda ya rubuta da Ingilishi don Turawa, ya ware babi guda yana kwatanta takobi da ran samurai. Watau an ɗaukaka takobin a takarda ne bayan an sauke shi daga ƙugu. Sojan Jafan na wancan zamani takobi mai ƙirar Turai hafsoshinsu suka rataya, sai a 1934, da kishin ƙasa ya yi zafi, aka koma ga tsohuwar ƙira. Daga nan Yoshikawa Eiji ya riƙa buga labarin Musashi a jaridar Asahi daga 1935 zuwa 1939, sannan Kurosawa Akira ya rufe fim ɗinsa Sanjuro na 1962 da karon da sara ɗaya tak ya raba. Waɗannan ayyuka ne na fasaha masu daraja, amma ba shaidar tarihi ba ne.

Cusa kishin ƙasa cikin maganar takobi ba sabon abu ba ne. A 1599 wani Baturen Ingila, George Silver, ya rubuta littafi yana kushe siririn dogon takobin Italiya da ake kira rapier, yana fifita gajeren takobin Ingila. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin da Ƙarfen Ya Nuna

In aka bar kirari aka koma ga ma'auni, sai a tarar da wani abu daban. Katana yakan yi kilo 1 da 'yan kai. Dogon takobin Turai na ƙarni na 14 zuwa na 16, wanda ake riƙewa da hannu biyu, galibi tsakanin kilo 1 da kilo 2 yake. Ashe ke nan zancen gungumen ƙarfe bai da tushe. Inda suka bambanta shi ne tsawo: ruwan katana yakan kai santimita 60 zuwa 75, na dogon takobin Turai kuwa 85 zuwa 110.

Ana yawan kafa hujja da ninkin ƙarfe. Gaskiya ne maƙerin Jafan yakan ninka ƙarfensa yana dukansa, kuma ninki 15 yakan ba da shimfiɗa 32,768. Amma dalilin ninkin shi ne ƙarfen da ake narkawa daga yashi mai tama a murhun tatara yakan fito da datti, taurinsa kuma ba daidai yake ba, sai an ninka kafin ya daidaita. Maƙeran Turai ma sun yi irin wannan haɗi na ƙarfe a farkon zamanin tsakiya, suka rage shi da suka sami ƙarfe mai kyau daga manyan murahu. Har wa yau, maƙerin Jafan yakan shafe ruwan takobin da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a baki, kafin ya tsoma shi cikin ruwa yana ja wur. Sakamakon haka bakin yakan yi tauri ƙwarai, bayan ya zauna da laushi. Wannan dabara tana ba da kaifi mai daɗewa, amma bakin yakan ɓantale in ya haɗu da ƙarfe, ruwan kuma in ya lanƙwashe sai an miƙar da shi. Da yawa daga takubban Turai na wancan zamani an hore su ne yadda za su tanƙwara su dawo. Kowane maƙeri ya zaɓi abin da zai samu da abin da zai rasa.

Fagen Karo

To, a fili, babu sulke, gwanaye biyu sun fuskanci juna da takubba a zare, wa ke da rinjaye? A ganina mai dogon takobin Turai ne, saboda dalili uku. Na farko, zai iya taɓa abokin karonsa daga inda shi ba a isa a taɓa shi ba. Na biyu, ƙarfen da aka gitta a gindin ruwan yana kare hannu fiye da ɗan faifan katana. Na uku, yana da baki biyu da tsini miƙaƙƙe, don haka yana iya sara ta kowane gefe, ya kuma yi suka. Abin ban sha'awa, labarin da Jafanawa suka fi ƙauna ma yana goyon bayan wannan. An ce a 1612 Miyamoto Musashi ya kashe Sasaki Kojiro, wanda ya shahara da dogon takobi, da itacen tuƙin kwalekwale da ya sassaƙa ya fi takobin Kojiro tsawo.

Amma da zarar an sauya fage, hukunci ya sauya. Katana ana soke shi ne a ɗamara, bakinsa yana kallon sama, yadda zarewa da sara za su zama motsi ɗaya. A cikin ɗaki ko lungu, ko in aka yi wa mutum ba-zata, gajeren takobi mai saurin fita daga kube ya fi amfani. In kuwa duka biyun suna cikin sulken ƙarfe, to, babu takobin da zai yanka shi. Kundin Fiore dei Liberi na wajen 1410 da na Hans Talhoffer na 1467 sun nuna mayaƙi yana riƙe tsakiyar ruwan takobinsa da hannun hagu yana neman kafar sulke. Samurai ma kokawa yakan yi, ya ƙarasa da wuƙa.

Daɗin daɗawa, kalmar "daidai" ɗin nan tana da rauni. Ƙwarewa ba ruwa ba ce da za a auna a zuba a wata ƙwarya. Gwanin katana da katana ya ƙware. Wasu makarantun takobi na Jafan, kamar Katori Shinto-ryu, sun taso tun ƙarni na 15 ba su yanke ba, alhali dabarun dogon takobin Turai sun mutu, daga littattafai aka farfaɗo da su. Da wane mudu za a ce waɗannan biyu daidai suke? Tarihi ma bai taimaki masu gardamar ba. A 1605, kusa da tsibirin Bintan, 'yan fashin teku Jafanawa suka yi artabu da Ingilishi a cikin jirgin Tiger, suka kashe matuƙin nan John Davis. Dogayen masu da igwa ne suka raba faɗan. Haka kuma binciken Thomas Conlan a kan takardun raunukan mayaƙan Jafan na ƙarni na 14 ya nuna kibiya ce ta jawo mafi yawansu.

Kammalawa

Abin da za a iya tabbatarwa kaɗan ne: a fili, babu sulke, tsawo da kariyar hannu suna ba takobin Turai rinjaye. Wannan hukunci ne a kan santimita, bai ce komai ba game da wayewar kowace al'umma. Darasin ya shafe mu kai tsaye. Masanan da suka duba takubban fadojin ƙasar Hausa, irin su A.D.H. Bivar a 1964, sun tarar ruwan da yawa daga cikinsu ƙirar Turai ne, aka kawo su nan aka yi musu mariƙi da kube. Ɗalibin da zai yi nazarin kansakalin sarkinsu zai ji kirarinsa daga bakin maroƙa, kuma ya wajaba ya rubuta shi, domin adabi ne. Sai dai bayan ya gama, ya nemi izini a zaro masa takobin, ya auna tsawonsa da nauyinsa, ya duba tambarin maƙerin da ke jikin ruwan.