Haƙurin Masassaƙi: Yadda Ɗanyen Itace Ke Bushewa Bai Tsage Ba

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da inda aka jibge ɗanyun gungume a tsakiyar hunturu ya san wannan ƙarar. Dare ya raba, gari ya yi tsit, sai ka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Gari na wayewa ka duba kan gungumen, ka tarar tsaga ta taso daga cibiyarsa ta nufi ɓawo. Jiya itacen turmi ne, yau ya koma itacen girki. Wannan tsaga ita ce babbar abokiyar gabar masassaƙi, kuma yadda masassaƙan ƙasar Gaya da Ajingi suke shan gabanta ilimi ne da ya cancanci a tsaya a dube shi da idon girmamawa.

An san Gaya da ƙira. Tarihin baka ya ce daga nan maƙeran nan Abagayawa suka tashi neman tama har gindin Dala, kuma sunan ɗayansu, Kano, shi birnin ya ɗauka. To amma maƙeri bai taɓa gama aiki shi kaɗai ba. Fartanya da garma da gatari da lauje, kowannensu sai da ƙota, ƙota kuwa daga hannun masassaƙi take fitowa. Haka turmi da taɓarya, akushi da muciya, kujerar tsakar gida da allon almajiri. Mutane kan yaba wa masassaƙi kaifin gizago da iya fitar da siffa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne aikin da yake yi bayan ya ajiye gizagon, wato sarrafa saurin da ruwa ke fita daga jikin itace.

Itacen da aka sare yau jiƙe yake sharkaf, sau da yawa sulusin nauyinsa zuwa rabi duk ruwa ne. Ruwan nan iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance cikin ƙananan kafofin itacen, kamar ruwan cikin rake. Shi ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman itacen. Akwai kuma wanda ya shiga jikin zaren itacen kansa. Masana sun auna cewa idan danshin ya sauko zuwa kimanin kashi 30 cikin 100, wannan na biyun ke fara fita, daga nan ne itace ke fara tsukewa. Matsalar ita ce baya da ciki ba sa kaiwa wannan matsayi lokaci ɗaya. Bayan ya bushe yana son tsukewa, cikin yana nan a kumbure ya hana shi. Da ja-in-jar ta yi yawa sai bayan ya dare. Abin da ke faruwa da lakar fadama ke nan idan ruwa ya janye: sama ta tsattsage, ƙasa da sauran laima.

Akwai ƙarin dalilai biyu. Na farko, itace ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. A tsawonsa kusan ba ya raguwa, amma tsukewar da yake yi a kewayensa ta ninka wadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo kusan sau biyu. Shi ya sa gungumen da aka bari a dunƙule yake buɗe baki daga cibiya. Na biyu, zaren itace a jere yake kamar damin kara, don haka ruwa ya fi saurin fita ta kai da gindi, inda aka yanke, fiye da ta gefe, har ninki 10 ko fiye. A nan tsaga ke somawa.

Sai kuma iskarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska a ƙasar Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke sa faso a diddige da fashewar leɓe ita ce ke lasar kan gungume. Maganin ma ɗaya ne: a shafe, a rufe, a kauce wa iska.

Na taɓa zama a rumfar wani dattijon masassaƙi a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, ranar da aka kawo masa gungume uku a amalanke. Bai taɓa gizago ba. Ya sa yaransa suka mirgina su ƙarƙashin rumfar zana, aka ɗora su kan duwatsu don kada su taɓa ƙasa gara ta samu hanya. Bai bari an ɓare ɓawon ba, domin ɓawo riga ce da ke rage gudun bushewar gefe. Sannan ya kwaɓa laka da kashin shanu, ya bi kai da gindin kowane gungume ya shafe da tafin hannu, yana cusa ta cikin kowane gurbi da babban yatsa. Wasu yanzu tsohon fenti ko baƙin mai ko narkakken kyandir suke sawa. Manufar dai a toshe ƙofar da ruwa ke gudu ta cikinta. Na kuma lura ya bar kowane gungume ya fi tsawon abin da za a fitar da kamar taƙi guda, ta yadda in bakin ya tsage sai a datse a yar.

A wajen turmi ne gwanintar ta fi fitowa. Masassaƙi ba ya jiran gungume ya bushe ƙayau kafin ya rarake shi, domin ɗanye ya fi bin gizago, kuma dunƙulallen gungume zai tsage tun kafin cikinsa ya bushe. Sai ya fafe shi tun da ɗanyensa, ya cire mafi yawan cikin da ke riƙe ruwa, ya bar bango mai kauri ɗaya ko'ina. Idan wani gefen ya fi wani siranta, shi zai riga bushewa, nan kuma za a samu tsaga. Na ga dattijon nan yana zagaya bakin turmi da yatsu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, yana jin kaurin ba tare da wani ma'auni ba. Da la'asar ta yi aikin bai ƙare ba, sai ya tattara sassaƙen da ya zubo ya cika ramin da shi, ya lulluɓe da tsohon buhu. Danshin sassaƙen ke riƙe turmin har safiya. Bayan an gama, a shafe shi da mai, musamman gindi inda cibiyar itacen ta rage, a kife shi a inuwa makonni.

Cibiyar nan ita ce tushen fitina, kuma gwani ya san haka. Jikin kalangu da ganga, da yake ana rarake su har su ɓulle, cibiyar ta fita gaba ɗaya, ba su cika tsagewa ba. Allo da muciya kuwa, akan fasa gungume gida biyu ta tsakiyar cibiya, a fitar da su daga ɓarin da ba ta ciki. Kafintocin Japan, in za su kafa ginshiƙi mai cibiya, sukan tsaga shi da zarto a tsawonsa ta ɓangaren da ba a gani, don tsagar da ba makawa ta tattaru wuri ɗaya. Hankali ɗaya ne, ƙasa ce ta bambanta.

Kowane itace kuma da halinsa. Ƙirya mai tauri da nauyi, wadda maƙera ke son gawayinta, tana yin turmi da taɓarya na gado, amma ruwanta a hankali yake fita, ba ta son gaggawa. Aduwa ta yi suna wajen allo, alilliba wajen kayan kiɗa, ɗanya wajen akushi saboda laushinta. Mai tauri a ƙara masa kwanaki, mai laushi a kula kada rufi ya yi yawa ya yi funfuna. Sanin lokacin da itace ya kai kuwa, a hannu da kunne yake: a ɗaga a ji nauyi ya ragu, a taɓa a ji sanyin danshi ya tafi, a ƙwanƙwasa a ji amo ya fito tas.

Wannan darasi ya shafi kafinta ma. Katakon da ake saukewa a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa yawanci daga dazukan kudu yake, inda iska ke da laima. In aka yi ƙofa da shi cikin gaggawa, hunturu na zuwa sai ta buɗe haƙora. Kafintan kirki yakan jera shi a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, ya danne saman da nauyi, ya jira.

Ƙirya da maɗaci sun yi ƙaranci a gonakinmu, wanda ya isa turmi kuwa ya shekara da yawa yana girma. Turmin da ya tsage a hunturunsa na farko bishiya ce aka kashe a banza, sai an sake sare wata. Wanda aka busar da haƙuri kuwa, uwa ta yi daka a ciki, 'yarta ta tafi da shi ɗakin miji. Saboda haka in kin je sayen turmi ranar kasuwa, ki kifa shi ki duba gindinsa. In kika same shi sumul babu ko layin tsaga, kada ki tsananta ciniki: makonnin da wani ya yi yana tsaron itacen nan a inuwa kike biya.