Jinjina ga Dattawa Masu Duba Lema

Ruwan farko mayaudari ne, dattawan manoman Kurfi da Dutsin-Ma kuwa sun san halinsa. Idan aka samu ruwa a watan Mayu, kafin samari su saɓi sungumi, sai dattijo ya tsuguna ya tona jigawa da hannu. In lema ba ta wuce tsawon yatsa ba, sai ya ce a dakata, don 'yan kwanaki na rana sun isa su ƙone tsiron gero, iri ya salwanta. In ta nutsa sosai, bismilla.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, kuma yana da amfani ƙwarai, amma dattawan nan gona-gona suke bi. Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu, Allah ya ƙara lafiya.