Wa ke rubuta jerin sunayen?

Duk wanda ya yi wayo a 2020 zai tuna da kakar wayar da kai da ta gabaci zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 13 ga Disamba. Rediyon gari, lasifika bisa mota ranar kasuwa, wasan kwaikwayo a filin lakwal, daga Madawa har Buza da Keita saƙon ɗaya ne: je ka yi rajista, ka karɓi katinka, ka fito da wuri, ka shiga ɗakin sirri, kada ka saida ƙuri'arka, kada ka yi faɗa. Ban raina wannan aiki ba. Mutane da yawa a ƙauyukanmu a lokacin ne suka samu takardar haihuwa ta farko, kuma iyayenmu mata sun fito layi. Abin da nake suka shi ne, duk darasin ya tsaya kan yini guda, alhali kafin yinin nan an riga an yanke rabin hukunci.

Ga yadda abin yake a lokacin, 'yan'uwa, don ban taɓa jin lasifika ta bayyana shi ba. A zaɓen ƙaramar hukuma, jerin sunaye na jam'iyya kake jefa wa ƙuri'a. Ana raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, sannan a ɗauko sunaye daga cikin jerin. In jam'iyya ta ci kujera bakwai, mutum bakwai ne kawai daga jerinta za su zauna, sauran su koma gida. Bayan haka kansilolin ne ke zama su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Ke nan manomin albasa na fadamar Tarka bai zaɓi magajin garinsa da hannunsa ba, kuma ba shi ya jera waɗanda suka zaɓe shi ba.

To wa ya jera su? Shugabannin jam'iyya, a zauren wani babba, da shawarar masu kuɗi, wani lokaci da waya daga Yamai. Kowa ya sani, amma babu wasan kwaikwayon da ya taɓa wurin. A jihar Tawa lamarin ya fi nauyi, domin shekara da shekaru nan ne tungar PNDS-Tarayya. Inda jam'iyya ɗaya ta yi rinjaye haka, wanda jam'iyya ta fifita a jerinta ya kusa zama kansila tun kafin a buga kuge. Zaɓen gaske a zauren nan aka yi shi, mu kuwa aka kira mu ɗaurin aure bayan an gama sadaki.

Maƙwabtanmu na Sakkwato suna da suna ga wannan mataki: zaɓen fidda gwani. Dokar zaɓensu ta 2022 ta ba jam'iyya damar yin 'yar tinƙe, ko zaɓen wakilai, ko sulhu. Ba na cewa nasu ya gyaru, ai mun ji yadda kuɗi suka yi aiki a hannun wakilai a shekarar. Amma dai abin yana da suna da rana, ana gardamarsa a rediyo, wanda aka zalunta yana iya zuwa kotu. Namu ko suna bai da shi a bakin talaka, shi ya sa ba a tambaya.

Akwai abu biyu kuma da masu wayar da kai suka wuce da gudu. Na farko, lokaci. Disamba bayan girbi ne, samarin Adar sun kama hanyar bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Saurayin Tamaske ko Karofan da zai tashi da an ɗaure damman hatsi, yaushe aka zauna da shi a kan wanda zai wakilci garinsu? Na biyu, mata. A 2019 an ɗaga kason da doka ta tanada zuwa kashi 25 cikin ɗari a kujerun zaɓe. Madalla. Sai dai in maza biyar ne suka rubuta jerin, matar da za su sa ita ce wadda ba za ta yi musu da su ba. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar ƙasa tun da aikin Keita ya fara a 1984, sun isa a tambaye su wace ce za ta yi magana da yawunsu.

Sakamakon ya fito fili. Majalisun da aka zaɓa a Janairun 2011 na shekara biyar ne, amma suka zauna har 2020 ana ta ƙara musu wa'adi. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa masu riƙo. A Maris 2025 aka rushe jam'iyyun ma gaba ɗaya. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Ni abin da ya tsaya mini shi ne shirun da ya biyo baya. Ka tambayi fadarku, mutum nawa ne ya san sunan kansilan da aka sallama? Abin da ba ka sa hannu ka gina ba, in ya faɗi ba ka jin zafinsa.

Ko ba daɗe ko ba jima akwati zai dawo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ɗalibai da muka iya karatu, aikin namu ne tun yanzu. A fada, a kan shayi, mu fassara wa mutane da Hausa abin da ke hannun ƙaramar hukuma: harajin kasuwa, rijiyoyi, ɗakunan karatu, rabon filaye. Mu nemi sanin inda kuɗin tikitin kasuwa ke tafiya, ko a hannun mai riƙo ne. Ranar da sababbin jam'iyyu suka zo neman mu, tambayar farko ita ce: yaya za ku jera sunaye, a gaban wa, kuma yaushe? Wadda ta ce a bari sai manya sun zauna, mu ma sai mu ce ta bari sai mun yi shawara.