Tsokaci a kan Fassarar "Sandar Tsafi"

Masu fassara tatsuniyoyin Turai sukan mayar da *baguette magique* ta Faransanci "sandar tsafi". A ganinmu wannan fassara tana buƙatar nazari ta fuska biyu.

Ta farko, kalmar sanda. *Baguette* ta fito ne daga *bacchetta* ta Italiyanci, wato ƙaramar sanda. Takwararta ta Ingilishi, *wand*, asalinta siririn reshe ne mai lanƙwasuwa, kamar tsumagiya. Sanda kuwa ta fi haka nauyi a wurin Bahaushe: da ita makiyayi ke kiwo, liman ya dogara da ita wajen huɗuba, sarki kuma a miƙa masa sandar girma. Sandar Annabi Musa ce ta haɗiye abin da masihirtan Fir'auna suka ƙaga, kuma wannan mu'ujiza ce. Duk da haka sanda ta fi dacewa, domin tsumagiya duka take tuna wa yaro.

Ta biyu, kalmar tsafi, kuma nan ne babban kuskuren yake. Tsafi bauta ne, da yanka da zubar da jini domin iskoki. A tatsuniyar *Cendrillon* ta Charles Perrault (1697), aljanar ƙwaƙule cikin kabewa ta yi, sannan ta buge ta da sandarta, ta zama keken doki. Ba yanka, ba gunki. Ɗalibin da ya karanta "tsafi" zai ɗauka shirka ake koya masa.

Saboda haka, a tatsuniya a ce "sandar sihiri", a wasan rufa-ido kuma "sandar dabo".